DARASI: ABIN DA RUWA KE NARKARWA

Darasinmu na wannan fitowa a kan ruwa ne.

Masana kimiyya sun tabbatar cewa kowace ƙwayar ruwa zarra 3 ce a haɗe: 2 na haidirojin, 1 ta oksijin, suna tarayya a kan lantarkin da ya ɗaure su. Oksijin ya fi ƙarfin janyo lantarkin nan, shi ya sa ƙwayar take da gefe biyu masu saɓani, tamkar maganaɗisu. Da su take fizgo sodiyam da kulorin da suka haɗu suka zama gishiri, ta raba su, gishirin ya ɓace wa ido. Haka kanwa ke narkewa a rijiyoyin ƙasar Manga, wajen Maine-Sorowa. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Risalar Ibn Abi Zaid ta bayyana, ruwan da ƙasar mazauninsa ta sauya masa launi ana alwala da shi.

To, amma mu lura. Ruwan Komadugu, da ke bi ta Difa zuwa Tafkin Chadi, yana narkar da takin zamani da wasu magungunan feshi na gonakin tattasai, alhali launinsa bai sauya ba. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, ba ta fitar da wannan guba. Don haka kada mu wanke abin feshi a kogi, kada mu zuba ruwan sha a jarkar magani.

Allah Ya kare mu, amin.