Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙananan Burbushin Halittu Da Maikuroskof Mai Araha

Yau za mu duba wata 'yar na'ura da ta cika shagunan intanet, wato maikuroskof ɗin da ake jonawa da waya ko kwamfuta. Siffarsa kamar tocila, da ƙananan fitilu takwas zagaye da bakinsa, da wani gare a tsakiya da ake murzawa don hoto ya fito tar. Masu gyaran waya sun san shi, da shi wasu ke leƙa ƙananan layukan da ke kan allon injin waya. Mu kuwa za mu ɗauki hoton burbushin halittu da shi, wato haƙori ko ɓawo ko ƙashin wata halitta da ta mutu tun da daɗewa har ragowarta ta zama dutse.

Wani zai ce ina za a sami irin wannan a ƙasar Hausa? Ai muna zaune a kansa. Sama da shekaru miliyan 55 da suka wuce, teku ne ya rufe yankin Sakkwato da wani ɓangare na kudancin Nijar. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, da wanda ake haƙa a Malbaza, ragowar ɓawon halittun wannan teku ne suka taru suka daskare. A lakar Dange ana samun haƙoran kifi. Akwai ma wata dabbar teku mai kama da ƙaton guza da masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, saboda a yankin Goronyo aka tono ƙasusuwanta. Manyan ƙasusuwa aikin masana ne. Abin da ya shafe mu shi ne ƙanana: haƙorin kifin shak da bai kai ƙwayar shinkafa ba, da ɓawon da bai wuce ƙwayar gero ba, waɗanda kyamarar waya ba ta iya kamawa da kyau.

Kada lambar kan kwali ta ruɗe ka

Za ka ga an rubuta 1000X ko 1600X a jikin kwali. Wannan lamba ta talla ce. Girman da kake gani ya dogara ne da faɗin allon da kake kallo. Ga misali: a ce na'urar tana ɗaukar faɗin milimita 8. Idan hoton ya cika fuskar waya mai faɗin santimita 7, an ƙara girman abin kusan sau 9 ke nan. Ka kai hoton nan kan talabijin mai faɗin santimita 50, ya zama sau 62, alhali babu ko ɗigo ɗaya da ya ƙaru a cikinsa.

Abin da ya kamata ka bincika shi ne ainihin ƙarfin idon kyamarar. Da yawa daga cikin masu araha ɗigo 640 a 480 kawai suke ɗauka, sai manhaja ta buɗa hoton ta ce maka megafiksel 2 ne. Kafin ka saya, duba hotunan da waɗanda suka riga ka saya suka ɗora, ka ƙyale na mai talla. Abu na biyu shi ne mariƙi. Wanda ke zuwa da 'yar ƙafa mai lanƙwasa wahala ce zalla, kana sakin hannu zai sunkuya. Nemi mai sanda a tsaye da makunnin da ke hawa da sauka da na'urar a hankali. Da a ce kuɗina na abu ɗaya ne, mariƙi mai kyau zan zaɓa a kan ƙarin megafiksel.

Jonawa da waya ba ta da wuya. Mai Android yana buƙatar mahaɗin OTG da manhajar da ke karanta kyamarar USB. Wasu wayoyin sai ka shiga saiti ka kunna OTG da kanka, wasu kuma su kashe shi bayan 'yan mintuna in ba a amfani da shi. Ka sauke manhajar daga Play Store, ka guji wadda takardar cikin kwali ke tura ka wani shafin da ba ka sani ba. Mai iPhone kuwa ya nemi irin wanda ke haɗuwa ta wayifai.

Wanke abin ya fi sauƙi: ruwa, tsohon burushin haƙori, da allura don fitar da lakar da ta maƙale. Kada ka kusantar da shi da ruwan batir ko ruwan lemon tsami, domin suna cinye irin wannan ɓawo. Idan laka ka ɗebo, jiƙa ta ta kwana, ka tace da rariyar shayi, ka shanya abin da ya rage, sannan ka baza shi a kan baƙar takarda. Da ɗan siririn burushi mai danshi ake tsince su, yatsa ya yi musu girma.

Haske shi ne rabin aikin

A nan yawancin mutane ke karaya, ni ma a nan na kusa jefar da nawa. Haƙorin da na fara ɗauka fari fat ya fito, kamar an ɗiga madara a kan allo, na yi ta zagin wanda ya sayar mini. Ashe laifin fitilun nan takwas ne. Suna haska abu daga sama kai tsaye, ta hanyar da kyamara ke kallo, don haka babu inuwa. In babu inuwa kuwa, zane-zane da tsage-tsagen da ke jikin ɓawo duk sun ɓace, alhali da su masani yake gane ko wace halitta ce. Haƙorin kifi kuma yana da sheƙi, sai ya mayar da hasken cikin kyamara.

Maganinsa, ka murza makunnin da ke jikin igiyar ka kashe fitilun gaba ɗaya. Kawo tocila ko fitilar wata wayar, ka ajiye ta a gefe, ƙasa-ƙasa, yadda haske zai shafi abin a karkace kamar hantsi. Masu wannan fanni sun saba kawo haske daga sama ta hagun hoto, kuma yana da kyau ka bi su. Idan ka kawo shi daga ƙasa, ido yakan ga rami kamar tudu, tudu kamar rami. Hasken tocila yana da kaifi, sai ka tausasa shi da falle ɗaya na tishu, ko ka yanke gindin farin kofin roba ka kifa shi a kan abin, na'urar ta leƙa ta sama. A ɗaya gefen kuma ka jingina 'yar farar takarda ta mayar da haske cikin inuwa. Juya tocilar a hankali kana kallon allo, za ka ga inda zanen ya fito raɗau.

Sai shimfiɗa. Kowa baƙa yake so don ta fi kyau a ido, amma kyamarar nan da kanta take auna haske. Tana ganin baƙi ya yi yawa sai ta ƙara haske, farin ɓawonka ya ƙone. Takarda mai ruwan toka marar sheƙi ta fi zama lafiya. Idan kana so ƙwayoyin takardar su ɓace, ɗora abin a kan guntun gilas, ka ɗaga gilas ɗin kamar santimita 2 sama da takardar.

Kada ka danna maɓallin ɗauka da ke jikin na'urar, taɓawar kaɗai ta isa ta girgiza hoton. Yi amfani da na cikin manhaja, kuma ka ɗauke gwiwar hannunka daga kan tebur.

Za ka lura cewa in tsinin haƙori ya fito, gindinsa sai ya yi dishi-dishi. Haka duk maikuroskof yake, siririn yanki kawai yake kamawa a lokaci guda. Ana magance wannan da ɗaukar hotuna da yawa, misali 10 zuwa 20, kowanne ka ɗan sauko da na'urar kaɗan, daga saman abin har ƙasansa, sannan manhaja ta tsinci wurin da ya fito tar a kowanne ta haɗa su hoto ɗaya. Picolay da CombineZP kyauta ne a kwamfuta mai Windows, Helicon Focus da Zerene Stacker na kuɗi ne. Da makunnin mariƙi za ka riƙa saukowa, domin garen tsakiya yana canja girman hoton ma. Wanda mariƙinsa ba shi da makunni yana iya tara takardu a ƙarƙashin ƙafar na'urar ya riƙa zare ɗaya-ɗaya, tunda kaurin takardar A4 kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne.

Ma'auni da sunan wuri

Hoto komai kyansa, idan babu ma'auni babu wanda zai iya faɗa maka abin da ka samo, domin haƙori mai milimita 2 da mai milimita 20 kama ɗaya suke yi a allo. Bayan ka gama ɗauka, kada ka taɓa garen. Cire abin, ka sa rula a wurinsa, ka ɗauki layukan milimita. Idan milimita 8 suka cika faɗin hoto mai ɗigo 640, kowace milimita ɗigo 80 ce. Da manhajar ImageJ, ita ma kyauta ce, za ka zana ɗan layin ma'auni a kusurwar hoton. Ɗauki kowane abu ta sama, ta ƙasa da ta gefe.

Ka rubuta inda ka tsince shi da ranar, a 'yar takarda cikin ledar da ka ajiye shi, da kuma a sunan fayil ɗin. Burbushin da ba a san inda ya fito ba ya rasa mafi yawan amfaninsa ga bincike. Kada ka shiga ramin haƙar dutse ba da izini ba, akwai haɗari. In kuma ka ci karo da babban ƙashi a cikin ƙasa, kada ka tone shi. Ɗauki hotonsa a inda yake, ka adana wurin a taswirar waya, ka sanar da sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ga mutanen Sakkwato.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto, ƙananan zanen da ka sha wahalar fitarwa su ne farkon ɓacewa. Ka tura shi ta Document, ka haɗa da hoton rular.