Darasi: Guzurin Ɗalibin Da Ya Samu Tallafin Karatu A Ƙasar Waje

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan aka fitar da sakamakon jarrabawar BAC, gidaje da yawa a birnin Yamai sukan shiga shirin sallamar ƴaƴansu. Wasu sun samu tallafin karatu ta hannun hukumar ANAB zuwa Maroko ko Aljeriya, wasu Turkiyya ko Sin ko Rasha, wasu kuma Jami'ar Azhar ta Alƙahira ko Jami'ar Musulunci ta Madina. Akan ɗinka tufafi, a daka yaji da kuka, a yi walima, a raka yaro filin jirgin sama na Diori Hamani. Amma sau da yawa ba a zaunar da shi an faɗa masa abin da zai tarar ba, a addininsa da lafiyarsa da aljihunsa. Wannan darasi nasiha ce ga ɗalibi, da iyayensa, da jama'ar masallacinsu.

Asalin tafiya neman ilimi

Tafiya domin ilimi tsohuwar hanya ce a Musulunci. Suratul Kahfi ta ba mu labarin Annabi Musa (A.S.) da ya ɗauki guzuri ya yi doguwar tafiya domin ya koya daga wani bawan Allah da aka bai wa sanin da shi ba a ba shi ba. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unais saboda hadisi ɗaya tak. Amma maganar da ta shahara a bakin mutane game da neman ilimi har ƙasar Sin, malaman hadisi sun raunana ta, don haka kada a jingina ta ga Manzon Allah (S.A.W.), hujjoji ingantattu sun wadatar.

A wannan yanki namu ma abin ba baƙo ba ne. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka mallaki makaranta da masauki a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu. Malam Muhammadu al-Kashnawi, mutumin ƙasar Katsina, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya je aikin Hajji ya biya ta Masar, ya karɓi ijaza daga babban malami Murtala az-Zabidi, sa'an nan ya dawo ya karantar. Su da raƙumi suka ratsa Sahara cikin watanni. Ɗan yau cikin sa'o'i kaɗan yake sauka. Hanya ta yi sauƙi, amma amanar ba ta ragu ba.

Na farko: niyya da yardar iyaye

Ayyuka da niyya suke tafiya. Karatun likita, da na injiniya, da na noma, da na haɗa magunguna, suna cikin abin da malamai ke kira farilla ta kifaya: idan al'umma ta rasa masu yinsa, laifin ya hau kowa. Saboda haka wanda ya tafi koyon aikin haƙar rijiyoyi ko tiyatar ido da nufin amfanar da jama'arsa, yana cikin ibada muddin ya kiyaye farillansa. Wanda kuwa ya ɗauki tallafin karatu tsani ne kawai na tserewa daga ƙasa, to ya sani kuɗin nan dukiyar jama'a ce, kuma kujerar da ya samu wani ne ya rasa ta.

Kada ɗalibi ya fita sai da yardar mahaifansa da addu'arsu. Idan yana da aure, ya zauna da iyalinsa a yi magana a fili game da ci da sha da tsawon lokacin da zai yi. Game da ɗiya mace, wajibi ne iyaye su san wanda zai raka ta, da wanda zai tarbe ta, da gidan kwanan da za ta zauna, su kuma tambayi malamansu hukuncin tafiyar tun kafin a sayi tikiti.

Na biyu: takardu

Wahalar farko da baƙo ke haɗuwa da ita ta takarda ce. Ya kamata ɗalibi ya tanadi fasfo mai sauran dogon wa'adi, da biza, da takardar haihuwa, da ta shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar BAC tare da ta makinsa, da katin allurar rigakafin ciwon shawara, da hotuna masu yawa. Kowace takarda a yi mata kwafi a buga mata hatimin hukuma, a bar kashi ɗaya a gida wurin wanda aka yarda da shi, a kuma ajiye hotonta a cikin waya. Takardu na asali a jakar hannu suke tafiya, domin babban akwati yana iya ɓata a hanya.

Da zarar ya isa, abu biyu ne bai kamata ya jinkirta ba: neman takardar izinin zama tun bizarsa ba ta ƙare ba, da rubuta sunansa a ofishin jakadancin Nijar mafi kusa. Amfanin wannan ya bayyana a lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, da kuma a Kartum ranar 15 ga Afrilu 2023, inda ɗaliban Afirka masu yawa suka fita cikin gaggawa. A irin wannan rana hukuma waɗanda ta san da zamansu take fara nema. Haka kuma dangantaka tsakanin ƙasashe tana sauyawa: a farkon 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Don haka a nemi bayani daga hukuma kai tsaye, kada a dogara da abin da wani ya yi shekaru biyar da suka wuce.

A yi hattara da ƴan tsakani masu cewa a ba su kuɗi su samo gurbi. Tallafin gwamnatin Turkiyya, alal misali, kyauta ake nemansa ta intanet. Ba da cin hanci domin a tsallake wanda ya fi cancanta haramun ne, kuma karatun da aka gina a kan zalunci albarkarsa ƙalilan ce.

Na uku: salla da azumi

Kuskuren da ya yawaita shi ne ɗalibi ya ɗauka tunda ba a garinsu yake ba, zai yi ta ƙasaru har ya gama karatu. A mazhabar Imamu Malik, ana ƙasaru ne a tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, kuma niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke hukuncin tafiya. Ke nan ɗalibi zai yi ƙasaru a kan hanya, amma da ya sauka a garin karatunsa ya zama mazauni: zai cika salla, Juma'a ta hau kansa, azumi ma haka.

Sai alƙibla. Mu a nan mun saba cewa a fuskanci gabas, har kalmar ta zame mana sunan alƙibla. Amma wanda ke Istanbul ko Alƙahira kudu maso gabas zai duba, na Mosko kudu, na birnin Bejin kuwa yamma. Ya tambayi masallaci mafi kusa tun ranar farko.

Lokutan salla ma suna da bambanci. A Yamai tsawon yini ba ya nisa da sa'a 12 duk shekara. A Paris kuwa, cikin watan Disamba, rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma, sai azahar da la'asar da magariba su taru cikin lokacin darasi. Dole ɗalibi ya karɓi jadawalin salla na garin, ya riƙe alwalarsa, ya nemi wuri mai tsarki a makaranta. Shafa a kan huffi na fata, wanda aka sanya da cikakkiyar alwala, rangwame ne da zai amfane shi a lokacin sanyi. Watan Ramadan kuma yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2015 da 2016 ya faɗo a watan Yuni, masu azumi a arewacin Turai suka riƙa kai sa'a 18 ko fiye. Wajen 2030 kuwa tsakiyar hunturu zai faɗo, yinin ya gajarta. Ɗalibi ya ɗauki azumi ya ajiye tare da Musulmin garin da yake, ba da sanarwar Yamai ba.

Na huɗu: saɓanin mazhabobi

A Maroko da Aljeriya da Tunisiya ɗalibi zai tarar da mazhabar Malikiyya wadda ya sani, kuma a Maroko da ruwayar Warshu ake karatu kamar a makarantun allonmu. A Turkiyya Hanafiyya ce ta rinjaya, a Maleshiya Shafi'iyya, a Saudiyya Hanbaliyya, kuma ruwayar Hafsu zai ji. Zai ga mai ƙabalu da mai sadalu, mai bayyana basmala da mai ɓoye ta. Duk waɗannan limaman shiriya ne, salla a bayan mabiyansu ingantatta ce. Kada ya yi jayayya a masallacin mutane, kada kuma ya bi duk wanda ya ja shi gefe da sunan ƙungiya. Baƙo mai kewar gida shi ne farkon wanda masu tsattsauran ra'ayi da masu ɓata tarbiyya suke nema.

Na biyar: abinci da lafiya

A ƙasashen da Musulmi ba su da rinjaye, ɗalibi ya koyi kalmar alade da ta giya a harshen ƙasar, ya riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, domin akan sa kitsen alade ko giya cikin abincin da ba a zato. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta yi magana a kan abincin Ma'abota Littafi, amma malamai sun yi bayani mai tsawo game da yankan zamani. Mafi aminci shi ne ya nemi mahautan Musulmi, in bai samu ba kifi da ƙwai da wake sun ishe shi. Ya koyi girki tun yana gida, namiji ne ko mace.

Sanyin can ba irin na hunturunmu ba ne. Kada ya kunna gawayi ko murhun gas a ɗaki rufe don jin ɗumi, domin akwai iska mai guba marar wari da ke kashe mutum yana barci, kuma kowane hunturu ana samun irin wannan rashi a ƙasashen arewacin Afirka. Mai ciwon sikila ya ga likita kafin tafiya, don sanyi yana tayar da ciwon. Wanda zazzaɓi ya kama bayan isarsa ya faɗa wa likita daga ƙasar da ake zazzaɓin cizon sauro ya fito, saboda likitocin can ba lalle su yi zatonsa ba. Kewa da ƙuncin zuciya kuma ciwo ne na gaske. Wanda ya ji ya kasa barci ko karatu ya faɗa wa ɗan'uwa, ya nemi magani, babu abin kunya a ciki.

Na shida: kuɗi da harshe

Kuɗin tallafi kan yi jinkiri, musamman a watannin farko, alhali haya da rajista ba su jira. Iyaye su ba yaro abin da zai riƙe shi wata biyu ko uku. Ya san canji: Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, wato jika goma ba ta wuce Yuro 15 da ƴan kai ba. Manyanmu suna tuna watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, aikon da iyaye ke yi wa ƴaƴansu a waje ya koma rabinsa a dare ɗaya. Ya nisanci bashin riba da caca, kuma kada ya karɓi saƙon da bai ga cikinsa ba a filin jirgi, ko daga wa ya fito.

Wanda za shi Turkiyya ko Rasha ko Sin, yawanci shekarar farko ta koyon harshe ce. Kada ya raina ta, ita ce ginshiƙin sauran. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. Ya kuma girmama dokokin ƙasar da ta ba shi biza, domin biza alkawarin aminci ne. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha tare da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib sun zauna lafiya ƙarƙashin sarki Najjashi, ba su ɓoye aƙidarsu ba, ba su kuma ci amanar masu masaukinsu ba.

Na bakwai: dawowa

Aya ta 122 ta Suratut Tauba ta haɗa fita neman fahimtar addini da komowa domin a gargaɗi jama'a. Ilimin duniya ma haka ya kamata. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatun kimiyya a Faransa, ya ƙaro a Tarayyar Sobiyat, ya dawo ya jagoranci binciken amfani da hasken rana a Nijar, ya kuma shugabanci Jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunansa a 1992 bayan rasuwarsa a 1991. Jami'ar Musulunci ta Sayi, da aka buɗe a 1986, da asibitocinmu da makarantunmu, duk suna buƙatar waɗanda suka je suka dawo. Wanda ya dawo kuma ya dawo da tawali'u. Kada ya raina malamin zauren da ya koya masa Fatiha, kada ya mai da ɗan saɓanin fiƙihu dalilin raba sahu.

Kira ga masallatai

Muna kira ga limamai da kwamitocin masallatan unguwanni su riƙa tara ɗaliban da za su tafi tun cikin watan Agusta, a gayyato waɗanda suka yi karatu a ƙasashen su yi musu bayani, malami ya bita musu hukuncin tsarki da salla da azumi, a haɗa kowane da wani amintacce a garin da za shi. Masu hali su taimaki ɗan talaka da kuɗin rigar sanyi da guzurin watannin farko. Wannan sadaka ce mai gudana. Iyaye kuma idan sun kira waya, su tambayi salla da abokai kamar yadda suke tambayar jarrabawa.

Allah Ya tsare ƴaƴanmu a inda suke, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya dawo mana da su lafiya da imaninsu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.