Kafin a Sayar da Gona Don Yaro Ya Zama Matuƙin Jirgi

Zuwa ga 'yan uwana na Sule Tankarkar, Gumel, Maigatari da Gagarawa.

Ni ɗanku ne, sana'ata tuƙin jirgin sama na fasinja. Tun da aka buɗe filin jirgin Dutse a 2014, alhazanmu suka fara tashi daga gida, sha'awar wannan aiki ta shiga zukatan yaranmu, abin kuma yana faranta mini rai. Sai dai tambayar da iyaye suka fi yi mini ba ta wuce ta albashi: wai da gaske ne matuƙi a Dubai yana kwasar kuɗin da ko gwamna ba ya samu? Daga nan sai zancen sayar da gona ko shanu ya biyo baya. Wannan ne ya sa na ga ya zame mini dole in faɗi yadda abin yake daga ciki, tun kafin wani ya rabu da gadon gidansu.

Kuɗin akwai su, ba ƙarya ba ne. A Amurka, matsakaicin abin da matuƙin jirgin fasinja yake samu a shekara ya haura dala 200,000. A Daular Larabawa da Qatar da Saudiyya ba a cire wa ma'aikaci harajin albashi, manyan kamfanoninsu kuma sukan haɗa da gida ko kuɗin haya da tallafin makarantar yara. Kamfanin Boeing yana hasashen duniya za ta buƙaci sababbin matuƙa sama da 600,000 cikin shekaru 20. Waɗannan alƙaluma dillalan makarantu suke nuna wa iyaye. Abin da suke yin shiru a kai shi ne wane irin matuƙi ake nema.

Yaron da ya gama makarantar koyon tuƙi, ko ta Zariya da aka kafa a 1964, ko ta Ilori, ko wata a Afirka ta Kudu, yana fitowa ne da lasisin da ake kira CPL da sa'o'in tashi kimanin 200, duk a kan ƙananan jirage. Lasisin ya halatta masa a biya shi, amma bai halatta masa zama a gaban Boeing 737 ba. Kowane babban jirgi da tasa takardar shaidar ƙwarewa, kuma horon samunta shi kaɗai yakan ci dala 20,000 zuwa 30,000. Bayan ta kuma akwai babban lasisi, ATPL, wanda babu mai zama kyaftin sai da shi, shi kuma sai mutum ya tara sa'o'i 1,500.

Kowane ɗayanmu yana da littafin da yake rubuta duk tashin da ya yi: kwanan wata, lambar jirgi, daga ina zuwa ina, minti nawa da rana, minti nawa da dare, a kujerar hagu ya zauna ko ta dama. Ranar neman aiki, mai tantancewa shafin ƙarshe yake buɗewa ya duba jimilla. Kano zuwa Abuja bai cika awa ɗaya ba, haka ake tara su kaɗan-kaɗan, kuma doka ba ta barin matuƙi ya wuce kimanin sa'o'i 1,000 a shekara komai ƙwazonsa. Tsakanin 200 da 1,500 ɗin nan yaranmu suke maƙalewa. Kamfani ya ce sai mai sa'o'i, sa'o'i kuma ba sa samuwa sai kamfani ya ɗauke ka. Ina ganin su a filin jirgin Kano da na Abuja, sanye da farar riga mai guga, riƙe da ambulan na takardu, suna jiran wani kyaftin ya fito su miƙa masa. Wani ya shekara uku da gamawa, gwajin lafiyarsa ya ƙare, izinin tuƙi da na'ura ya ƙare, sabunta kowanne kuma kuɗi ne. Mahaifinsa a gida yana ta amsa tambayar mutanen gari: "Har yanzu bai fara tashi ba?"

Darasin yana nan kusa da mu. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, Jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Niyya ce mai kyau, wasunsu kuma yau suna aiki, muna haɗuwa da su. Amma da yawansu sun dawo da lasisi suka daɗe a zaune, saboda ragowar tafiyar ba ta cikin lissafi.

To me ya sa ake ta cewa matuƙan Najeriya suna guduwa waje? Ɗan Maigatari ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ranar kasuwar Alhamis ya sha ganin bijimi guda, bai ƙaru ba bai ragu ba, amma farashinsa ya sauya saboda sefa ta motsa a kan naira. Haka albashinmu ya zama. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ake biya da naira, darajar albashinsa ta zube alhali aikin bai canza ba, ga abokin karatunsa a Doha yana karɓar kuɗin da ke jingine da dala. Ƙari a kan haka, kamfanoninmu ba su cika tsawon rai ba. Nigeria Airways ya rufe a 2003. Kabo, Chanchangi, IRS, duk an yi zamaninsu an wuce. Hukumar AMCON mai karɓar basussuka ta karɓe Arik a 2017. Mai iyali dole ya yi tunani. Sai dai masu tafiyar kyaftin-kyaftin ne da manyan mataimaka masu dubban sa'o'i. Idan sun tafi, sau da yawa baƙi ake ɗaukowa a biya su da dala, ko a yi hayar jirgi da matuƙansa gaba ɗaya, kamar yadda ake yi lokacin jigilar alhazai. A ganina wannan babban kuskure ne. Kamfanin da ba ya renon ƙananan matuƙa yau, gobe ma baƙon zai ci gaba da biya.

Iyakar ƙasa kuma ba a tsallake ta da lasisi kaɗai. Lasisin da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ta ba ka na Najeriya ne. Idan Turai kake so, sai ka sake zama jarrabawa 13 ta hukumarsu, sannan a tambaye ka izinin zama da aiki, kamfanoninsu kuma ba kasafai suke nema wa baƙo ba. Amurka ta ƙara tsaurara sharaɗi bayan haɗarin jirgin Colgan a 2009, tun 2013 ko mataimaki sai ya zo da sa'o'i 1,500 in ban da 'yan rangwame, kuma sai da takardar zama. Ƙasashen Larabawa sun fi buɗe ƙofa, amma gurbin sabon yaro galibi na 'yan ƙasarsu ne. Kai baƙo sai ka zo da gogewarka. Idan ka sauya kamfani, daga ƙasan layi kake farawa, kyaftin ma yakan koma kujerar dama ta mataimaki na wasu shekaru. Bizarka kuma a ɗaure take da aikin. A 2020, lokacin korona, na san abokan aiki da aka sallama a can, suka cire yara daga makaranta a tsakiyar zango suka tattaro kaya.

Ban faɗi wannan don in kashe wa kowa gwiwa ba. Ina son wannan aiki, kuma burina in ji muryar ɗan Sule Tankarkar a rediyo yana neman izinin sauka a Dutse. Hanyar da na ga ta fi ɓullewa ita ce a fara a gida. Max Air, Rano Air, Air Peace da sauransu su ne wuraren da ɗan Najeriya zai tara sa'o'insa na farko. Wani lokaci kamfani yakan biya wa yaro horon babban jirgi, ya sa hannu zai yi masa aiki na wasu shekaru. A karanta takardar da kyau kafin sa hannu. Ɗan talaka mai ƙoƙari kada ya manta da makarantar soja ta NDA a Kaduna, domin rundunar sojin sama tana horar da matuƙanta a Kaduna da Kano ba tare da iyaye sun sayar da komai ba, in ya yarda da rayuwar soja da haɗarinta. Zariya kuma tana koyar da injiniyancin jirgi da kula da zirga-zirgar sama, ayyuka ne masu daraja.

Ga gwamnatin Jigawa da masu hannu da shuni na masarautar Gumel roƙona: idan za ku ɗauki nauyin yara, gara goma da aka kai har ƙarshe, da horon babban jirgi da yarjejeniyar aiki da wani kamfani, a kan hamsin da za a tsaya da su a lasisin farko.

Iyaye kuma, ku tabbata yaro yana da kiredit a Turanci, lissafi da fizis. Ku bincika ko NCAA ta amince da makarantar, kada ku dogara da bakin dillali. Sannan kafin ku taɓa gona ko garke, ku fara kai shi gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya wurin likitan da hukumar ta tantance. Yaron da idonsa ba ya bambance ja da kore ba zai samu wannan aiki ba ko nawa aka kashe, kuma gwajin kwana ɗaya ne zai nuna muku. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu jagora.