Darasin Juma'a: Mu San Bauchin da Muke Neman Abinci a Cikinta

Da yawanmu fatauci ne ya kawo mu Bauchi, wasu daga Kano, wasu daga Katsina, wasu ma daga Maraɗi. Mun yi aure mun haihu a nan, amma idan yaro ya tambaye mu wa ya kafa garin, sai mu yi ta kame-kame. Rashin sanin nan har jari yana taɓawa, don wanda bai san ƙasa ba bai san inda kaya suke fitowa ba.

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin a 1809, ya kewaye shi da ganuwa. Bagere ne, kuma shi kaɗai ne ba Bafulatani ba cikin manyan da suka karɓi tuta. Sunan garin kuwa, labarin da aka gada shi ne daga wani maharbi mai suna Baushe ya samo asali. A 1827 Yakubu ne ya tare rundunar Shehu El-Kanemi na Barno da ta nufi Kano, ya mayar da ita baya. Kanawan cikinmu sai su riƙe wannan. Ya rasu a 1845, Turawa kuma suka ci garin a 1902.

Ku lura da sunayen ƙofofin da muke wucewa kullum: Ƙofar Wase, Ƙofar Inkil, Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nassarawa. Inkil nan ne Yakubu ya zauna kafin ya gina birnin. Wase kuwa can kudu take, a jihar Filato ta yau, amma a da ƙarƙashin Bauchi take, kuma ta nan ayarin fatake suke bi su gangara Binuwai, su kai tufafi da kanwa su sayo gishirin Awe da Keana. Wato Bauchi mashiga ce tsakanin ƙasar Hausa da ƙasashen kudu tun kafin a san mota. Har gobe haka take: titin Jos, titin Kano ta Ningi, titin Gombe, da titin Maiduguri ta Darazo duk a nan suke haɗuwa.

Tun da mun ambaci Ningi, can ma baƙi ne suka kafa mulki. Malam Hamza da wasu malamai sun baro ƙasar Kano a tsakiyar ƙarni na 19 saboda rigimar haraji, suka shige duwatsu, suka haɗa kai da mutanen wurin. Bauchi da Kano sun yi ta fama da su har zuwan Turawa ba su ci su ba.

An ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, aka cire mata Gombe a 1996, ta rage da ƙananan hukumomi 20. Tana iyaka da jihohi bakwai: Kano, Jigawa, Yobe, Gombe, Taraba, Filato da Kaduna. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe shi ne jihar kamar kashi biyu take. Arewa, wajen Azare, Misau da Jama'are, jigawa ce, damina gajera, sai gero, wake, riɗi, gyaɗa da dabbobi, ga kuma fadamar kogin Jama'are da ake noman rani. Kudu, wajen Dass, Toro, Bogoro da Tafawa Ɓalewa, duwatsu ne da ruwan sama mai yawa, masara da shinkafa da dankali sun fi yi. Kayan wani sashe suna yin araha a lokacin da ɗaya sashen yake nema, kuma a wannan tazarar ce ribar yawancinmu take.

Jirgin ƙasa bai iso nan ba sai 1961, ya zarce Maiduguri a 1964. Abin dariya, akwai wani ƙaramin layin dogo da Turawa suka sa wa sunan Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya ya kai Jos a 1914, amma bai taɓa shigowa garin nan ba. Kuza suke bi, ba mutane ba. Da aka ware Lardin Filato a 1926, sai yawancin arzikin kuzar ya tafi da shi.

Wannan tarihin ne yake sa mu ja kunne game da man fetur. A watan Nuwamba 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Alkaleri da jihar Gombe. Tun daga nan dillalai suke yawo da labarin filaye. Ɗan uwa, ƙaddamar da aiki daban, sayar da ganga daban. Mun ga kamfanin haɗa motoci na Steyr da kamfanin nama na Bauchi, da yadda suka tashi da yadda suka kwanta. Kada mutum ya kwashe jarin shagonsa ya zuba a filin da bai taka ba, bai ga takardarsa ba.

Abin da yake a hannu shi ne noma da kiwo. Ba mu da teku. Duk kayan waje sai sun sauka Legas ko Fatakwal, sun sha kuɗin mota kafin su iso Muda Lawal ko Wunti. Mun tuna lokacin da shinkafar Tailan ta cika rumfuna. Da aka rufe iyakoki a watan Agusta 2019, sai mutane suka koma wa ta gida, masu injin casa suka samu aiki. Amma har yanzu riɗinmu ɗanye yake fita, shanunmu da ƙafarsu ake loda su zuwa kudu, wasu ne can suke cin ribar sarrafawa. Wanda yake da ɗan abin hannu, ko su haɗu su uku su huɗu, injin casa ko na matsar mai ya fi fili a daji tabbas.

Iyalai kuma, idan an yi hutu a kai yara Yankari, wadda aka buɗe wa jama'a a 1962, su ga giwaye su shiga ruwan ɗumi na Wikki. Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin gari, ko kuɗin mota mai yawa ba ya ci.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki kasuwannin ƙauye na jihar da abin da kowacce ta fi shahara da shi.