IN AN CE MAKA AN CANZA LITTAFI MAI TSARKI

Karatu: 1 Bitrus 3:13-17, Luka 1:1-4, Yahaya 20:24-29
Ayar Haddacewa: 1 Bitrus 3:15
Manufa: Mai bi ya san dalilin da ya sa ya amince da Littafin da ke hannunsa, ya kuma koyi ba da amsa ba tare da faɗa ba.

GABATARWA

Akwai wata magana da kusan kowane mai bi ya taɓa ji, ko a kasuwa, ko a cikin mota, ko a makaranta, ko a waya: "Ai Littafinku ba shi ne na asali ba, an canza shi." Wani da zolaya yake faɗi. Wani kuwa da gaske yake so ya sani. Yaranmu da ke jami'a da kwalejoji suna gamuwa da ita fiye da mu, domin a yau bidiyon minti biyu a Facebook ko TikTok ya isa ya jefa shakka a zuciyar matashin da ba a taɓa koya masa yadda Littafin ya iso hannunsa ba. Wasu sukan yi shiru don kunya. Wasu sukan fusata su mayar da baƙar magana. Wasu kuma sukan koma gida da tambayar tana cin ransu, ba su gaya wa kowa ba, har ƙafarsu ta ɗauke daga sujada.

Manzo Bitrus ya rubuta wasiƙarsa ta fari ga masu bi da ke shan tsanani. Bai ce su ɓuya ba, bai kuma ce su rama ba. Ya umarce su su ba Almasihu matsayinsa na Ubangiji a cikin zuciya, su zauna da shiri don bayyana wa mai tambaya dalilin begensu, su kuma yi hakan da tawali'u da ladabi. Abu uku ke nan: zuciya, shiri, da hali. Darasinmu na yau zai bi waɗannan ukun.

1. ZUCIYA: TAMBAYA BA ABIN TSORO BA CE

Wasu 'yan'uwa suna ɗauka cewa duk wanda ya yi tambaya a kan Maganar Allah ya riga ya faɗi, ko kuma Shaiɗan ne ya shige shi. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Toma ya ƙi yarda da labarin tashin Yesu sai ya ga gurbin ƙusoshi. Bayan mako guda Ubangiji ya zo, bai kore shi daga cikin almajirai ba, ya nuna masa hannuwansa da kuiɓinsa, sa'an nan ya kira shi ga bangaskiya. Mutanen Biriya sun saurari Bulus, amma kullum sai sun duba Littattafai su ga ko abin da ya faɗa haka yake, Luka kuwa ya yaba musu (Ayyukan Manzanni 17:11). Shi kansa Luka, a farkon Bishararsa, ya gaya wa Tiyofalas cewa ya bi diddigin al'amuran daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, don mai karatu ya tabbata.

Hausawa suna cewa matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ba ta gudun bincike, ƙarya ce raminta ƙurarre. Wanda Almasihu ya zauna daram a zuciyarsa ba zai firgita don an yi masa tambaya mai wuya ba. Iyaye da malaman Lahadi, ku lura da wannan: in yaro ya kawo muku shakkarsa kuka tsawata masa, ba ku kashe shakkar ba, kun dai koya masa kada ya sake kawo ta gare ku. Yahuza 22 ta ce a yi wa masu shakka jinƙai.

2. SHIRI: ABIN DA YA KAMATA KA SANI

(a) Fassara dabam, canji dabam.

Sau da yawa mai gardama zai ce, "Ga Littattafanku kala-kala, wanne ne na gaskiya?" Amsar mai sauƙi ce. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, ɗan kaɗan da Aramiyanci, Sabon Alkawari kuma da Helenanci. Abin da muke riƙe da shi da Hausa ko Turanci fassara ce daga waɗannan harsuna. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, sabuwar fassara kuma ta fito a 1979. Kalmomin sun bambanta domin Hausar da ake ji ta sauya, amma daga tushe ɗaya aka ɗebo su. In tafinta biyu suka fassara jawabin sarki, ɗaya ya ce "ku taru" ɗaya ya ce "ku haɗu", ba wanda zai ce an canza maganar sarki.

(b) Tsohon Alkawari da littattafan Tekun Gishiri.

Kafin 1947, tsofaffin cikakkun kofe na Tsohon Alkawari da Ibrananci da ake da su an rubuta su ne wajen shekara 1000 bayan haihuwar Almasihu. Masu shakka sukan ce, wa ya san abin da aka sauya a cikin wannan dogon lokaci? A 1947 makiyaya Larabawa suka tarar da tuluna a cikin kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, ɗauke da naɗaɗɗun littattafai na fata. A cikinsu akwai littafin Annabi Ishaya, surori 66, tsawonsa wajen mita 7, wanda aka rubuta fiye da shekara 100 kafin a haifi Yesu. Da aka gwada shi da kofen da suka zo shekara dubu a bayansa, sai aka ga saƙon ɗaya ne. Yawancin bambancin na rubutun kalma ne da ƙananan kalmomi. Wannan littafi yana nan a ajiye a Urushalima har yau. Ka lura da abin da wannan ke nufi: Ishaya 53, wadda ta yi maganar Bawan Ubangiji da aka soke saboda laifofinmu, tana nan a rubuce tun kafin a kafa gicciye. Ba Kirista ne ya ƙara ta daga baya ba.

(c) Sabon Alkawari da yawan shaidunsa.

Akwai kofe na Sabon Alkawari da aka rubuta da hannu da Helenanci fiye da 5,000, wasu cikakku, wasu gutsattsari. Wani ɗan guntu da ke ɗauke da ayoyi daga Yahaya 18 yana ajiye a birnin Manchesta ta Ingila, masana da yawa suna sa shi a ƙarni na 2. Akwai kundi biyu manya na ƙarni na 4: ɗaya a ɗakin karatu na Batikan, ɗaya kuma aka samo a gidan sufaye da ke gindin Dutsen Sinai, wanda mafi yawansa yana Landan yanzu. Na Sinai ɗin yana ɗauke da Sabon Alkawari gaba ɗaya, kowa kuma yana iya ganin hotunan shafukansa a intanet. Ban da waɗannan, tun da wuri aka fassara Littafin zuwa Latin, da Suriyanci, da harshen Kibɗawa na Masar, daga baya kuma harshen Habasha.

Yi tunani a kan wannan. A ce an rubuta wasiƙa, aka kwafe ta da hannu aka aika Kano, da Damagaram, da Kumasi, da Khartum, kowane gari kuma ya yi ta kwafar tasa har ƙarni uku. Wane ne zai iya zagawa ya tattara su duka ya sauya magana ɗaya a cikinsu ba tare da an gane ba? Haka yake da Sabon Alkawari. A waɗannan ƙarnuka ikkilisiya ba ta da sarki, ba ta da soja, tsananta mata ake yi. A shekara ta 303 Sarkin Roma Diyokiletiyan ya ba da umarni a ƙone Littattafan Kirista. Mutanen da suka yarda a kashe su a kan su miƙa Littafin, su ne za su zauna su lalata shi? Saboda haka in an ce maka an canza, ka yi tambaya cikin ladabi: wa ya canza, a wace shekara, ina kuma na asalin da za mu gwada da shi?

(d) Kada ka ɓoye abin da yake gaskiya.

Masu kwafa mutane ne, sun yi kurakurai: wani ya tsallake layi, wani ya maimaita kalma. Yawan kofen ne ya sa ake gane kuskuren, domin in ɗaya ya kauce, ɗaruruwa za su nuna. Akwai wurare biyu masu ɗan tsawo da ba su cikin waɗansu tsofaffin kofe: Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53-8:11. Juyi da yawa sun rubuta haka a ƙasan shafi, ba a ɓoye ba. Wanda ke da niyyar yaudara ba ya sa alama a inda ake tambaya.

Mu da muke gaskata da ikon Ruhu Mai Tsarki, ƙarshen Markus yana da daraja a wurinmu, domin a nan aka yi maganar alamun da za su bi masu ba da gaskiya. Ka san abu biyu. Na ɗaya, wajen shekara ta 180 Iraniyas, shugaban ikkilisiyar Liyon a Faransa ta yau, ya ambaci Markus 16:19 a matsayin ƙarshen Bisharar Markus, tun kafin a rubuta waɗancan kundi biyu. Na biyu, koyarwarmu ba a kan wannan wuri kaɗai ta tsaya ba. Magana da waɗansu harsuna tana cikin Ayyukan Manzanni 2, 10 da 19. Fitar da aljanu tana sura 16. A sura 28 maciji ya sari Bulus a tsibirin Malita bai cuce shi ba, a nan kuma ya ɗora wa marar lafiya hannu ya warke. Haka yake da mutuwar Yesu, da tashinsa, da ceto ta wurin alheri: ba ɗayansu da ya rataya a kan ayar da ake jayayya a kanta.

(e) Shaida daga waje.

Tasitus, masanin tarihin Roma wanda ba Kirista ba ne, ba ya ma ƙaunar Kirista, ya rubuta a farkon ƙarni na 2 cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus a zamanin Kaisar Tibariyas. A 1961 kuma aka tono wani dutse a Kaisariya ɗauke da sunan Bilatus da muƙaminsa na mai mulkin Yahudiya. Bangaskiyarmu ta tsaya a kan abin da ya faru a fili, a wurin da aka sani, a zamanin da aka sani.

3. HALI: YADDA ZA KA BA DA AMSA

Ana iya cin gardama a rasa mutum. Bulus ya gargaɗi Timoti ya guji muhawarar banza mai haifar da husuma, ya ce bawan Ubangiji mai sauƙin hali ne ga kowa, mai iya koyarwa, mai haƙuri (2 Timoti 2:23-25). Ga abin da za ka riƙe:

Ka fara da sauraro. Wani ba hujja yake nema ba, ciwo ne a ransa: ya yi addu'a ɗansa ya rasu, ko wani mai kiran kansa bawan Allah ya cuce shi. Irin wannan ba tarihin kofe zai warkar da shi ba, ƙauna yake bukata.

Ka rarrabe mai nema da mai neman fitina. Yesu ya zauna da Nikodimu da dare ya amsa masa, amma a gaban Hirudus bai ce uffan ba. In ka ga taro ya fara haɗuwa, murya ta fara tashi, ka yi sallama ka tafi. Wannan ba tsoro ba ne, hikima ce.

Kada ka zagi addinin kowa, ko littafinsa, ko wanda yake girmamawa, a baki ko a waya. Mun san ƙasar da muke ciki, mun san abin da kalma ɗaya ta taɓa jawowa. Magana zarar bunu ce. An aiko ka ka shaidi Almasihu, ba ka ci mutuncin maƙwabcinka ba.

In ba ka da amsa, ka ce za ka bincika ka dawo, sa'an nan ka nemi fasto ko dattijo. Kada ka ƙago hujja, kada kuma ka tura wa mutane labarin da ba ka tabbatar ba. Allah na gaskiya ba ya bukatar a kāre shi da ƙarya.

Ka dogara ga Ruhu Mai Tsarki. Hujja tana kawar da duwatsu daga hanya, amma Ruhu ne ke buɗe zuciya, kamar yadda Ubangiji ya buɗe zuciyar Lidiya a Filibi. Shiri da cikar Ruhu ba kishiyoyi ba ne. Istifanas cike yake da Ruhu, ya kuma san tarihin Isra'ila daga Ibrahim har Sulemanu. Ka yi karatu, ka yi addu'a, ka bar rayuwarka ta goyi bayan bakinka.

TAMBAYOYIN NAZARI

1. Wace tambaya a kan Littafi Mai Tsarki ce ta fi ba ka wuya? Ka taɓa kai ta wurin wani?
2. Yaya za ka bayyana wa yaro ɗan shekara 12 bambancin fassara da canji?
3. Me ya sa littafin Ishaya na Kumran yake da muhimmanci ga Ishaya 53?
4. Ta yaya za ka gane lokacin magana da lokacin yin shiru?

AIKIN MAKO

Ka karanta 1 Korantiyawa 15:1-11, ka rubuta sunayen waɗanda suka ga Yesu bayan tashinsa. Iyaye, ku zauna da 'ya'yanku a sujadar gida ku tambaye su abin da ake gaya musu a makaranta game da bangaskiyarsu, ku saurare su har ƙarshe.

ADDU'A

Ya Uba, na gode maka da ka kiyaye Maganarka har ta iso gare ni da harshena. Ka cika ni da Ruhunka Mai Tsarki, ka ba ni sani da tawali'u. Ka tsare bakina daga zagi, ka tsare zuciyata daga tsoro. Ka riƙe matasanmu da ke cikin shakka, ka jawo masu tambaya zuwa ga Ɗanka. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.