Kafin Ka Rufe Bangon Ɗakin Amarya

Ɗana, an ce ka sayo allunan nan da ake cewa ba sa jin danshi, za ka lulluɓe bangon ɗakin da amarya za ta tare. Allah ya sanya alheri. Amma ka dakatar da kafinta tukuna, ka je ka ɗora tafin hannunka a gindin bangon nan na gabas, wanda ruwan sama ya fi duka. In ka ji sanyi, ko ka ga farin gishiri ya feso, ko fentin da ya kumbura yana ɓarewa, to bangon yana shan ruwa, kuma allo ba zai hana shi sha ba. Rufe shi a haka kamar ɗora sabuwar riga ne a kan gyambo.

Ka san gidanmu na ƙasa ne, irin galibin tsofaffin gidajen da ke cikin ganuwar Zariya, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Tubali aka jera, aka yi yaɓe da ƙasa. Irin wannan bango yakan sha laima da damina, ya amayar da ita da rani, kuma da haka yake daɗewa. Magabata sun fahimci wannan sarai. Shi ya sa suke shafa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, su yi wa rufin soro laso da katsin marina da gashin jima, su fitar da indararo nesa da gindin gini. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya hau gadon sarauta a 1834, da ƙasa da azara kawai, ga bakan gizonsa nan har yau. Da siminti ya zo, mutane suka riƙa yaɓa shi a kan ƙasa suna bi da fentin mai. Ruwan da ya taso daga ƙasa sai ya rasa mafita, ya taru a ciki, wata rana filastar ta ɓalle gaba ɗaya, a tarar cikin ya zama gari. Ka zaga lungunan birni bayan marka, za ka gani da idonka.

Saboda haka aikin farko a waje yake. Ka bi sawun ruwan: indararo ne ya tsage, ko kwano ke yoyo, ko kwatar maƙwabci ce ke kwance a jikin katanga, ko kuwa ƙasar lungu ta fi daɓen ɗakin tudu? Zariya na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, duk wata 'yar kafa sai ya same ta. In abin ya shige maka duhu, ka manna farar leda a bango, ka liƙe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru a ƙarƙashinta, daga cikin bango ruwan yake. In a samanta ne, iskar ɗakin ce ke da laima, taga kake bukata. Maganar kwata kuwa, ka je wa maƙwabci da ladabi, haƙƙin maƙwabtaka ya fi ɗaki tsada.

Su kansu allunan ba ɗaya suke ba. Akwai koren allon jifsam, wanda takardarsa da cikinsa aka yi musu magani don su jure laima. Jurewa na ce, domin in ruwa ya daɗe a jikinsa yakan ruɓe ya yi funfuna. Akwai na matsattsen garin katako, wanda fuskarsa ke da ƙarfi amma gefensa na tsotsar ruwa ya kumbura. Akwai kuma na roba, PVC, da ruwa ba ya yi masa komai. Wannan na ƙarshe da launinsa yake zuwa, kuma ni a ganina a bar shi yadda yake, don fenti ba ya kama shi sai an goge shi da samfefa an sa firaima ta musamman, in ba haka ba da farce ma sai ya ɓare.

Kada ka bari a manna allo kai tsaye a jikin bangon ƙasa. A kafa sirarin katako ko ƙarfe tukuna, a bar rata a baya don iska ta zaga, a ɗaga allon daga daɓe kamar santimita 1. In katako ne, a jiƙa shi da maganin gara, domin duhu da laima su take nema, kuma ba za ka ji motsinta ba sai ta gama. Duk inda zarto ya yanka, a shafe gefen da firaima kafin a ɗora. Nan ne masu gaggawa ke tsallakewa, kuma nan ruwa ke fara shiga. Tun ran gini tun ran zane.

In ba na roba ba ne, mahaɗar allo da allo a sa mata tef da ƙullin cika tsaga, a bari ta bushe, a sake bi, a goge har hannu ya daina jin tudu, a share ƙurar da tsumma mai ɗan danshi. Sannan firaima a fuskar duka, sannan fenti shafi biyu marasa kauri, da jira a tsakaninsu gwargwadon abin da aka rubuta a jikin bokitin. Ka tsaya a kan mai fenti kada ya cika masa ruwa don ya yi auki. Ka nemi fentin ruwa mai wankuwa. Fentin mai warinsa na daɗewa a rufaffen ɗaki. Kuma in za a kankare tsohon fentin mai na ƙofa da taga, a jiƙa shi tukuna, a kori yara daga wurin, don da yawansa akwai dalma a ciki, ƙurarta kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara.

Na san ranar biki ta matso, iyayen yarinya na tambayar yaushe za a zo jere. Duk da haka, bangon da ya sha damina yana bukatar makonni kafin ya bushe, sabuwar filasta ma haka, aƙalla wata guda. Ƙarshen kaka ya fi dacewa, ruwa ya ɗauke, hazon hunturu bai sauko sosai ba. In lokaci ya ƙure, ka gyara waje, ka shafa wa ɗakin farar ƙasa, amarya ta tare a haka, a yi aikin allo da rani. Babu abin kunya a ciki, kuma ni zan yi wa surukanka bayani in ana bukata.

Ranar jere ka roƙi gwaggonninta su bar tazarar tafin hannu tsakanin wadirof da bango, kada kuma su toshe 'yar tagar sama da labule mai kauri.