Amsoshin Tambayoyinku: Ingilishin cinikin gado da kujera a Adjamé

Tambaya: Ni kafinta ne a unguwar Adjamé da ke Abidjan, ina haɗa gadaje da kujeru, nakan kuma saro katifu a Treichville. Ina jin Faransanci da Julanci, amma in baƙi 'yan Ghana ko Najeriya suka shigo shago sai mu koma magana da hannu, ciniki ya watse. Na haura shekara 40. Ta ina zan fara koyon Ingilishin sana'ata?

Amsa: Allah ya yi wa sana'a albarka. Batun shekaru ka ajiye shi gefe, wanda ya iya harshe uku na huɗu ba zai gagare shi ba. Kuma masu sayen suna nan. Tun da Bankin Raya Afirka ya dawo Abidjan daga Tunis a 2014 ma'aikata masu jin Ingilishi suka ƙaru a gari, ga kuma masu shigowa daga Ghana ta iyakar Noé. Duk wanda ya kama haya sai ya nemi abin kwanciya.

Sunayen kaya ba su ne matsalarka ba, domin rabinsu suna bakinka tuni. Tebur, benci, kabad, durowa, kushin, kafet, filo, har sunan sana'arka, kafinta, duk Hausa daga Ingilishi ta aro su. Gyaran lafazi kawai suke so. Abin da ya rage, kamar gado da katifa da labule da madubi, ka rubuta sunan kowanne a 'yar takarda ka manna a jikinsa a shago. Kullum da safe kana sharar ƙura kana karantawa.

Inda ake asara shi ne lissafi, don haka nan nake so ka fara. Mu da muka saba da sefa da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, kamar yadda Julawa ke yi da nasu doromen. Mai jin Ingilishi bai san wannan ba. In ka fassara lissafin da ke kanka kai tsaye, ka faɗi adadin dala, ka sayar masa da kujera a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta. Ka riƙa faɗin cikakken adadin sefa. Sannan ka horar da kunnenka a kan 13 da 30, wato "thirteen" da "thirty", haka 14 da 40 har zuwa 19 da 90. A na farko murya tana ja a ƙarshen kalma, a na biyu tana sauka da wuri. A hayaniyar motocin gbaka da masu tura baro a titin Nangui Abrogoua ba lallai ka ji bambancin ba, saboda haka ba kunya ba ce ka rubuta kuɗin a waya ka nuna masa. Wajen rubutun ma a kula: abin da Faransanci ke rubutawa 150 000 ko 150.000, Ingilishi waƙafi yake sa masa, 150,000.

Sai awo. Kai da santimita ka tashi, gadon mutum biyu 140 a 190. Ɗan Najeriya kuwa da ƙafa yake auna gado da katifa, zai ce maka yana son shida a shida. Ƙafa ɗaya santimita 30 ce da ɗan ɗori, ƙafa shida ta kusa 183, inci ɗaya kuma santimita 2.54. Wannan ɗan ɗorin shi ke sa katifa ta ƙi zama cikin gado bayan ka gama aiki ka shafa fenti, kuma kai za a ɗora wa laifi. Ka nemi tef mai inci a gefe ɗaya, santimita a ɗayan, ka auna a gabansa.

Katako bai da wuya. Iroko sunansa ɗaya a harsunan biyu, wanda kuke kira acajou, dangin maɗacinmu, shi ne "mahogany".

Yadda za ka yi atisaye: ka samu yaro ɗan makaranta a gidanku, domin ana koya musu Ingilishi a sakandare, ya zama mai saye kai kana mai shago. Ya yi sallama, ya tambayi kuɗi, ya taya, ka ce albarka, ku daidaita, ku yi maganar kafin alƙalami da ranar kai kaya da wanda zai biya mota. Minti goma bayan Isha'i ya isa. Ni ina ganin wannan ya fi maka littafin nahawu amfani a yanzu, domin jimlolin ciniki ba su da yawa, su ne dai ake ta maimaitawa.

Ranar da baƙo ya shigo, kada ka kira tafinta da wuri. Ka fara da abin da ka iya, in ya cije ka ɗauko tef da waya. Bayan wata uku ka sake rubuto mana mu ji inda aka kwana.